Ina so in koyi sa wa hotuna firam da kaina, ta ina zan fara?

Ɗan uwa na ga tambayarka. Kace kana ɗaukar hoto kana wankowa, sun taru maka a ambulan, kuma kai wa mai firam ya fara yi maka nauyi, shi ne kake son ka koyi yi da kanka, har kana tambayar wane zarto zaka saya. Toh ni dai zan ce maka ka ajiye maganar zarto tukunna. Na daɗe a cikin wannan aikin kuma kusan duk wanda yazo min da wannan tambayar daga katako yake son farawa saboda shi ido yake gani, alhali katakon shi ne ƙarshen abin da ya kamata ka koya. Firam ɗin da kwanarsa ta ɗan buɗe muni kawai zai yi, zaka iya cire hoton ka canja masa wani gobe. Amma hoton da aka manne shi da gam ko aka bari ya like da gilashi, wannan ya tafi kenan. Don haka sayi firam haɗaɗɗe wanda aka riga aka yi, guda biyu ko uku masu girma ɗaya, ka koyi abin da ke faruwa a cikinsa, in hannunka ya faɗa sai ka dawo mu yi maganar katako.

Abin da ke cikin firam in ka kwantar da shi fuska ƙasa ka buɗe baya, jeri ne: gilashi, sai kwalin nan mai taga a tsakiya da masu aikin suke ce wa mat, sai hoton, sai kwalin da hoton yake zaune a kai, sai wani kwali mai kauri a can baya da yake riƙe su duka, sannan takardar da ake rufe bayan da ita don ƙura da ƙwari. Mutane da yawa sun ɗauka mat ado ne kawai. A'a, babban aikinsa ya raba fuskar hoto da gilashi. Hoton da aka wanke ta hanyar sinadari, fuskarsa jelatin ce, in iska ta yi danshi sai ta yi laushi ta kama gilashin, in ta bushe shi ke nan sun zama abu ɗaya. Ni da kaina na taɓa yin wannan ɓarnar a farkon koyona, hoton mahaifin wani bawan Allah ne, guda ɗaya tal da suke da shi, na sa shi kai tsaye a jikin gilashi babu mat don yace yana son hoton ya cika firam. Bayan 'yan shekaru gilashin ya tsage ya dawo min a canja, ina ɗagawa naji wata ƙara siririya kamar ana yage takarda, ina dubawa gefen fuskar tsohon da kafaɗarsa suna jikin gilashi, sauran yana hannuna. Wlh har yau in na tuna sai naji wani iri. In kana son hoto ya cika firam ba mat, akwai 'yan siraran roba da ake liƙawa a gefen gilashi ta ciki, leɓen firam yana ɓoye su, su ne zasu ba ka wannan tazarar. Ko milimita 2 ce ta wadatar.

Kwalin kuma ba kowanne ba. Kwalin katan da na bayan kalanda da irin wanda yake zuwa cikin firam masu araha, daga itace aka yi su ba a cire wani abu da ake kira lignin ba, shi ne yake sa jarida ta yi ja in ta kwana biyu a rana. Yana fitar da asid a hankali. In ka taɓa buɗe tsohon firam ka ga wani layi ruwan ƙasa ya zagaye hoton daidai bakin taga kamar an ƙona da dutsen guga, aikinsa ne. Hanya mafi sauƙi ta gane kwali mai kyau, dubi bakin yankan, na kirki fari ne tas har ciki kuma haka zai zauna, na banza bayan ɗan lokaci bakin zai koma kalar ƙasa-ƙasa. Mafi kyau shi ne na auduga zalla, sai mai bi masa wanda aka yi da itace amma aka tace lignin ɗin. Kar ka yarda da rubutun "babu asid" kawai a jikin leda, kowa ma yana rubutawa. Akwai gwaji na musamman da ake wa kayan da zasu taɓa hoto, sunansa PAT, lambarsa ISO 18916, cibiyar Image Permanence Institute da ke Rochester a Amurka ce ta fito da shi, in ka ga an rubuta kwali ko tef ya ci wannan gwajin toh hankalinka ya kwanta. Kauri kuma, wanda aka fi amfani da shi mai ninki 4 ne, wajen milimita ɗaya da rabi. Akwai mai ninki 8, wajen milimita 3, yana da kyau ƙwarai a ido amma kar ka fara da shi, zai karya maka reza ya karya maka gwiwa.

Yanzu lissafi, don anan ake asarar kwali tun kafin a taɓa reza. Bari in ba ka misali na gaske. Kyamara mai fim ɗin 35mm da yawancin manyan kyamarori na yanzu suna ba da hoto 3 bisa 2. Kace ka buga hoto a kwance, santimita 36 faɗi 24 tsayi, a kan takarda A3 wadda take 42 da 29.7, firam ɗinka kuma 50 da 40. Tagar dole ta fi hoton ƙanƙanta kaɗan don ta hau kansa, milimita 3 kowane gefe, kenan taga 35.4 da 23.4. Cire 35.4 daga 50, saura 14.6, raba biyu, 7.3 hagu 7.3 dama. Cire 23.4 daga 40 saura 16.6. Anan kar ka raba daidai. Ba wa sama 7.3 kamar gefe, ƙasa ta ɗauki 9.3. Dalili, ido yana da wata ɗabi'a, in ka sa abu a tsakiya cif sai ya ga kamar ya zame ƙasa, ƙarin da ka yi a ƙasa shi yake gyara wannan. Kuma kar ka yi rowar mat, sabon shiga yana son ya bar ɗan siririn baki santimita 2 ko 3 don kar ya ɓata kwali, sai hoton ya fito a takure kamar wanda aka sa wa rigar ƙaninsa. Kala kuwa, fari ko fari mai ɗan duhu. Na san zuciyarka zata raya maka ka sa shuɗi tunda akwai sararin sama a hoton, daure ka bari. Ka dai kara kwalin kusa da farin takardar hoton ka gani, in mat ya fi takardar haske sosai sai fararen wuraren hoton su yi kamar sun yi datti.

Wani abu, in takardar tana da farin baki kamar a misalin nan, kana iya buɗe tagar ta fi hoton girma, ka bar farin takarda kamar rabin santimita a gefe da sama, santimita ɗaya ko fi a ƙasa inda zaka sa hannu da fensir. Ya fi wuya don duk karkata zata fito fili, amma ba a cin ko ɗigo na hotonka.

Yankan mat. Kar ka gwada da reza da rula kawai, bakin tagar a jirkice ake yanka shi digiri 45, hannu ba zai riƙe wannan ba. Akwai ɗan abin yanka na hannu mai tafiya a jikin rula ta ƙarfe, kamfanin Logan suna yin masu sauƙi na masu koyo, shi ya ishe ka shekaru. Ta baya ake yanka. Ka kifa kwalin, ka ja layukanka huɗu da fensir mai tsini su gitta juna, ka sa wani guntun mat a ƙarƙashi wanda rezar zata ɗan nutse a ciki, in babu shi bakin yankan zai fito da gashi-gashi. Rezar ka saita ta yadda zata huda kwalin ta ɗan karci na ƙasan kawai, in ta fito da yawa lanƙwasa take yi, sai ka ga farkon layin ya yi ƙugiya. Rular tana kan bakin da zai saura, abin yankan yana ta ɓangaren tagar da zata faɗi, in ka juya wannan jirkicen zai fito a baibai, kowa sai ya yi wannan kuskuren sau ɗaya. Ka danna rezar a hankali, ka tura da gudu ɗaya ba tsayawa, da kafaɗa ba da wuyan hannu ba, ka tsaya cak inda alamar abin yankan ta haɗu da layi. In ka gama huɗun tsakiyar ya kamata ta faɗo da kanta. In ta maƙale a kwana, don Allah kar ka fizge, ɗauki reza tsirara ka zura ta a jirkice daidai yadda yankan yake ka ƙarasa. Sannan ka riƙa canja reza tun kafin ka ga ta dakushe, mat biyu uku ka juya ta ko ka jefar. Reza ita ce abu mafi araha a teburin, kwali shi ne mai tsada, amma sai ka ga mutum yana tattalin rezar yana zubar da kwalin. Kwali na farko gaba ɗaya ka ɗauke shi na koyo ne, yanka taga ƙarama, ka faɗaɗa ta, ka ƙara faɗaɗawa, a kwali ɗaya zaka samu kusurwa ashirin ko fiye na gwaji.

Sai manna hoton, wanda a wajena shi ne zuciyar aikin. Ƙa'idar da nake bi guda ɗaya ce, duk abin da na yi wa hoto ya zama wani zai iya warware shi bayan shekara talatin ba tare da ya bar tabo ba. Wannan ya fitar da salatif, maskin tef, tef mai gam gaba da baya, gam na feshi, duk. Salatif in ya tsufa robar ta faɗi, gam ɗin ya shige cikin takarda ya bar tabo ruwan ɗorawa wanda har ta gaba ake gani. Na biyu, takarda tana numfashi, tana buɗewa da danshi tana tsukewa in an bushe, in ka ɗaure ta ta gefe huɗu ba ta da wajen zuwa sai ta yi tudu a tsakiya, shi ne kake ganin hoto yana igiyar ruwa a cikin firam. Mafi sauƙi gare ka shi ne 'yan kusurwoyin nan na roba mai haske, irin na albam amma manya, na poliyesta. Su suke mannewa a kwalin baya, wato wanda hoton yake zaune a kai, hoton zura shi kawai ake yi, gam bai taɓa shi ba. Ka bar masa ɗan sarari kamar milimita ɗaya a ciki kar ka matse. Hanya ta biyu ita ce hinji, guntun tef biyu a saman hoton kaɗai, kowanne ya kama bayan hoton da kamar rabin santimita, sauran ya leƙo sama, sai ka gitta wani guntun a kansa ya manne da kwali, ya ba da siffar T. Hoton yana rataye ne kamar labule, gefe da ƙasa a sake. Masu aikin gidajen tarihi da takardar Japan suke yi da sitacin alkama da suke dafawa, don da ɗan danshi ake cire shi. Kai ka fara da tef na takarda da aka yi don wannan, irin Filmoplast P 90 ko na Lineco, a kan hotunan da kake da fayil ɗinsu kana iya sake bugawa.

Yadda nake saita shi: in haɗa mat da kwalin baya da dogon tef ta gefe ɗaya su zama kamar littafi, in sa hoton a ciki a sake, in rufe, in ta matsar da shi da yatsa har ya zauna, sai in ɗora wani abu mai nauyi mai tsabta a tsakiyarsa a kan farar takarda, in buɗe mat ɗin a hankali, in sa kusurwoyi. Hoton a kwalin baya ake manna shi, ba a bayan mat ba.

Zaka ji wasu suna cewa ai a manne shi gaba ɗaya da injin zafi ya kwanta sumul, ai Ansel Adams, shahararren mai ɗaukar hoton nan na Amurka, ma haka ya yi wa nasa. Gaskiya ne ya yi, kuma babban hoto mai sheƙi ba abin da ke kwantar da shi kamar haka. Amma ba a dawowa daga wannan hanyar, kuma shi hotonsa ne, yana da nagatif ɗinsa. In naka ne kana da fayil, bismillah. Hoton mutane guda ɗaya tilo, a'a.

In da firinta mai tawada kake bugawa, kar ka sa hoto a firam ranar da ya fito. A hannu zaka ji ya bushe amma akwai sinadaran da ke cikin tawadar da basu gama fita ba, musamman a takarda mai sheƙi, in ka rufe shi zasu hau gilashi ta ciki su yi hazo mai siffar hoton kamar fatalwa. Ba shi aƙalla awa 24, ni nakan ɗora masa farar takarda ta yau da kullum in bar shi kwana biyu uku, takardar tana tsotsewa, zaka ga ta ɗan yi igiyar ruwa.

Gilashi ba dogon zance. Na firam milimita 2 ne, kai wa masu yanka su yanka maka, ba abin koyo bane a yanzu. Akwai mai tare hasken UV, wato hasken nan da ido baya gani, kamfanin Tru Vue suna da wanda yake tare kashi 99 cikin ɗari, yana rage koɗewa amma baya hanawa, don hasken da ido ke gani ma yana cin kala, saboda haka duk gilashin da ka sa kar ka rataye inda rana ke bugawa. Mai hana ƙyalli irin na da, wanda fuskarsa take a dushe, guje shi in akwai mat, da zarar ya yi nisa da hoto sai ya dusashe shi. Babban firam kuma gara robar akirilik, nauyinta kusan rabin na gilashi kuma bata tarwatsewa, sai dai saurin karcewa da jan ƙura, kuma ba a goge ta da ruwan goge gilashi mai amoniya.

Haɗawa kuma ita ce inda haƙurinka zai ƙare. Ka goge gilashi gaba da baya, a tsumma zaka fesa ruwan ba a gilashin ba, ka bari ya bushe sarai. Ka ɗora shi a kan mat da hoton suna fuska sama, ka duba a haske ta gefe, sannan ka kifa firam a kai ka juya duka. Sa ƙusoshi biyu uku kawai na wucin gadi, juyo ka sake dubawa. Na rantse maka akwai wani ɗan baƙin ɗigo ko silin gashi da zai bayyana a kan farin mat daidai inda ido yake fara sauka, kuma baya fitowa sai ka gama rufe baya da takarda ka sa waya. Na buɗe firam ɗaya sau huɗu saboda wannan. Burushi mai laushi da ɗan famfon iska na goge lens su ne maganinsa, kar ka hura da baki, yawu zai biyo. Kuma kar ka danne kayan ciki da ƙarfi, su zauna dai ba sa girgiza.

Toh katakon da ka tambaya. In lokacin yayi, ga abin da zaka tarar. Kusurwa huɗu, yanka takwas, kowanne digiri 45. In zartonka ya kauce da rabin digiri kacal, sau takwas ya zama digiri 4, kwana uku zasu haɗu ta huɗun ta buɗe baki. Abu na biyu da mutane basa lura, ko kwanarka ta yi daidai in dogayen biyu basu zo tsayi ɗaya cif ba, haka gajerun, ba zai rufe ba, don haka kar ka auna kowanne daban, kafa ɗan katako a matsayin birki ka yanka biyun a jikinsa. Awo daga cikin kwarmin baya ake yi inda gilashi ke zama, kuma ka ƙara milimita 3 a kan girman gilashin don kaya su samu wurin motsi. Tsawon da zaka saya, zagayen firam ɗin ka ƙara faɗin katakon sau takwas, na 50 da 40 mai faɗin santimita 3 zai ci wajen santimita 205, sayi fiye da haka don kuskure. Duba zurfin kwarmin ma, gilashi milimita 2, mat da kwalin hoto 3, kwali mai kauri na can baya 5, ka ga santimita ɗaya ta tafi tun ba a sa ƙusa ba. Gam ɗin katako shi ke riƙe kwana, ƙusa mai siffar V da ake bugawa ta ƙasa taimako take yi, kuma bakin yankan yana shan gam sosai, shafa kaɗan ka bari ya sha, ka ƙara, sannan ka ɗaure da bel ɗin matsewa ka auna daga kwana zuwa kwana ta gicciye, in biyun sun zo ɗaya ya miƙe. Akwai ma masu sayar da katakon a yanke, kai haɗawa kawai zaka yi, wannan matakin tsakiya ne mai kyau.

Ratayewa, zobba biyu masu siffar D a katakon gefe, kashi ɗaya cikin uku daga sama, waya da ɗan sassauci, 'yan roba biyu a kwanonin ƙasa ta baya don iska ta riƙa wucewa tsakaninsa da bango. Tsakiyar hoton wajen santimita 145 daga ƙasa, yawancin mutane sama suke kaiwa da yawa. Banda bangon banɗaki da wanda yake tsattsafo da danshi.

Ka samo abin yankan da kwali biyu ka fara. In ka yanka tagar farko ɗauko min hoton kwanoninta kusa-kusa ta gaba, da hasken taga yana zuwa ta gefe, daga nan zan gane ko rezar ce ta fito da yawa ko hannunka ne yake rawa.